Fasaha a Hannunka: Tsohon Injin Kwale-kwale

'Yan makaranta, a Zariya kogin Galma muka fi sani, amma a Yawuri da tafkin Kainji kwale-kwale mai inji ne motar kasuwa. Idan inji ya mutu a tsakiyar ruwa, rayuka ne ke cikin hatsari. Shi ya sa gyaran tsoho ba wasa ba ne.

Kafin a taɓa sifana, a karanta farantin da ke jikin maƙalin injin: sunan kamfani, kamar Yamaha ko Suzuki, da samfuri da lamba. Da su ake sayo kayan gyara daidai. Tsofaffin da yawa irin ƙaramin janareto ne, ana gauraya musu fetur da baƙin mai.

Sai a duba fulogi, a wanke kafireto, a canza robar da ke zuƙo ruwan sanyaya inji. Kada a tayar da shi a tudu, robar za ta ƙone. A tsoma ƙafarsa cikin duro mai ruwa.

Jirgin kuwa, a tsokani katakonsa da sukundireba. Inda ya lotsa ya ruɓe, a canza shi.

Aikin mako: ku nemo farantin janareton gidanku, ku kwafo abin da ke kai.