Zauren Iyali: Wa Zai Shaidi Ɗanmu?

'Ya'yanmu da suka ci bakaloriya suka shiga jami'a, in sun nemi tallafin karatu na ƙasashen waje, sau da yawa akan ce su kawo wasiƙar shaidar malami. Sai su ruga wurin farfesan da ko sunansu bai sani ba. To, me zai rubuta? Shaida amana ce, ba a ba da ita sai da sani. Mu mai da su wurin malamin lise da ya san ƙwazonsu da halinsu. Su roƙe shi cikin ladabi, wata guda kafin wa'adi, da takardun sakamakonsu a hannu. Mu kuwa iyaye, kada mu nemi a ƙara gishiri, domin shaidar zur ba ta da albarka. Allah Ya sa mu dace.