SHARHI: Sintetik ko na gama-gari? Abin da masu mota a Tagriss ya kamata su tambaya kafin su yi juye

Tun daga shekarar 2023, duk hirar mai a Jamhuriyar Nijar ta koma kan fetur da gas. A ranar 29 ga Mayun shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur a Najeriya, lamarin da ya karya kasuwar 'yan bumburutu da ke shayar da garuruwan jihar Maraɗi mai araha. A Yulin 2024 gwamnatin mulkin soja ta Yamai ta sauke litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, sannan a Maris ɗin 2025 aka ga dogayen layuka a gidajen mai.

Sai dai akwai wani mai da ba a yi masa layi, ba a kuma yanke masa farashi a majalisar ministoci, alhali shi ke yanke hukuncin ko mota za ta shekara goma tana aiki ko za ta kwanta bayan damina biyu. Shi ne baƙin mai, tare da ɗan'uwansa man giya.

A ƙaramar hukumar Tagriss da ke gundumar Dakoro, inda manoma da makiyaya suka dogara da 'yan motocin kasuwa da babura wajen kai gero da awaki da marar lafiya, injin da ya buga ba asarar mai mota kaɗai ba ce. Kuma motoci da dama a irin waɗannan ƙauyuka gumin 'yan ci-rani ne, waɗanda suka tara kuɗi a Libiya ko Aljeriya ko Legas ko Turai suka saya wa gida don ta riƙa ciyar da iyali.

Daga ina man yake zuwa?

Nijar na haƙo ɗanyen mai a Agadem, kuma tun Nuwamban 2011 take da matatar SORAZ a kusa da Damagaram, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Amma abin da matatar ke fitarwa shi ne fetur da gas da iskar girki. Ba ta samar da uwar man da ake haɗa baƙin mai da ita. Don haka galan ɗin da ke kan teburin mai shago a Dakoro, ko shi ko abin da ke cikinsa, ya ƙetaro iyaka ne.

Hanyoyin shigowarsa kuwa sun shiga ruɗani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta rufe iyakokinta da Nijar. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, an buɗe iyakar Najeriya a watan Maris, amma Yamai ta ci gaba da rufe tata iyakar da Benin. Kayan da a da ke sauka a tashar ruwan Kwatano sai suka koma bin Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji. Doguwar hanya da jira na nufin ƙarin kuɗi a kan kowane kwali.

Ga yankin Maraɗi, ƙofa mafi kusa ita ce ta Kano da Katsina, ta Jibiya zuwa Ɗan Issa. Najeriya na da manyan kamfanonin haɗa baƙin mai masu rajista, har a cikin Kano. Amma ita ma uwar man daga waje take sayo ta da dala, domin sashen da aka gina don wannan aiki a matatar Kaduna ya daɗe ba ya aiki. Da darajar naira ta faɗi bayan sakin kasuwar canji a Yunin 2023, farashin galan ya tashi. Ita kanta hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, SON, ta sha sanar da kama baƙin mai na jabu da rufe wuraren da ake haɗa shi a ɓoye. Duk lokacin da na gaske ya yi tsada, kasuwar na jabu ce ke buɗewa, kuma ƙauyen da ke nesa da idon hukuma ne ƙarshen zangonsa.

Mene ne sintetik?

Kowane baƙin mai abu biyu ne a haɗe. Akwai uwar mai, wadda ke ɗaukar kashi 70 zuwa 90 cikin 100, sai sinadaran da ake ƙara mata domin wanke datti, hana tsatsa, rage cin ƙarfe da riƙe kauri idan inji ya yi zafi.

Cibiyar man fetur ta Amurka, API, ta kasa uwar mai gida biyar. Rukuni na 1 da na 2 su ne na gama-gari da ake tacewa kai tsaye daga ɗanyen mai. Rukuni na 3 shi ma daga ɗanyen mai yake, sai dai an sarrafa shi sosai har ya yi tsabta. Rukuni na 4 da na 5 kuwa galibi haɗa su ake yi a masana'antar sinadarai. A 1999 kamfanin Mobil ya ƙalubalanci Castrol a gaban hukumar sa ido kan tallace-tallace a Amurka saboda kiran man rukuni na 3 da sunan sintetik, aka ba Castrol gaskiya. Tun daga nan kalmar ta zama ta talla fiye da ta kimiyya, kuma galan biyu masu ɗauke da ita na iya bambanta ƙwarai.

Duk da haka, sintetik na gaske yana da fifiko a bayyane. Ya fi jure zafi, ba ya saurin ƙonewa ya zama laka a cikin inji, kuma yana saurin zagayawa da safe. A ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin masana na ƙiyasta cewa saurin lalacewar mai na ninkawa kusan sau biyu a duk ƙarin digiri 10 na zafinsa.

Inda lissafin Turai ba ya aiki

Matsalar ita ce babban abin da ake tallata sintetik da shi, wato yin kilomita 10,000 ko 15,000 kafin juye, an auna shi ne a kan kwalta mai tsabta. Da zarar mota ta bar kwaltar Maraɗi zuwa Dakoro ta shiga yashi, lissafi ya sauya. Tana tafiya da ƙaramar giya, inji na kuka, kaya sun fi ƙarfinta, ga ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen inji tauri. Idan ta wuce matatar iska ta shiga mai, ba ruwanta da tsadarsa, haka za ta riƙa goge ringi da fistan.

Shi ya sa littattafan da kamfanonin mota ke bayarwa suke da jadawali na biyu don abin da suke kira aiki mai tsanani, wanda ya haɗa da hanyar ƙura da ɗaukar kaya masu nauyi. A nan yawanci rage tazarar juye ake yi zuwa rabi, kusan kilomita 5,000. A misali, motar da ke cin kasuwa biyar a mako, tana yin kilomita 200 kowace rana, cikin mako biyar za ta cika wannan adadi. Mai irin wannan mota da ya zuba sintetik ya ce sai bayan wata shida, ya biya kuɗi mai yawa ya sayi lalacewa. Gara masa mai na gama-gari na gaske da yake juyewa a kan lokaci, tare da sabuwar filta da tsabtatacciyar matatar iska.

Kauri ba shi ne inganci ba

A garejoji da yawa ana gwada mai ne da yatsa biyu: wanda ya fi danƙo shi ne mai kyau. Wannan al'ada ta samo asali ne daga zamanin tsofaffin Peugeot 504 da 404, waɗanda 20W-50 ya dace da su.

Lambobin suna da ma'ana. Ta farko mai harafin W tana nuna yadda mai ke gudana cikin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan inji ya ɗauki zafi. Tsohuwar Land Cruiser ko Hilux mai amfani da gas ta saba da 15W-40, kuma ba ta buƙatar abin da ya wuce haka. Amma motocin da ke shigowa yanzu daban suke. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na Oktoban 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Da yawa daga cikinsu an ƙera injinsu ne don 5W-30 ko ma 0W-20, da ƙananan hanyoyin mai da na'urori irin VVT-i na Toyota da ke aiki da matsin mai. Idan aka ɗura musu 20W-50, mai na jinkirin kaiwa saman inji a lokacin tayarwa, wanda a nan ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe.

Bayan lambar kauri akwai haruffan API a jikin galan. Na fetur suna farawa da S: SL na 2001, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020. Na gas suna farawa da C, kamar CH-4 da CI-4. Babura masu kuloci a cikin mai kuwa suna son mai alamar JASO MA, domin man mota na zamani kan sa kulocinsu santsi. Abin da ya dace da kowace mota na rubuce a littafinta, wani lokaci ma a kan murfin zuba mai.

Man giya: kuskuren da ya fi tsada

Idan baƙin mai yana da haƙuri da kuskure na ɗan lokaci, man giyar otomatik ba shi da shi. A kasuwa sunansa ɗaya, jan mai, amma launin rini ne kawai. Dexron III na kamfanin General Motors, wanda ya cika shaguna, ba ya maye gurbin T-IV ko WS na Toyota, ko DW-1 na Honda. Kowanne an tsara santsinsa ne daidai da faifan kulocin da ke cikin giyar. Idan aka saɓa, sai mota ta fara fizga ko jinkirin shiga giya, daga baya ta ƙi tafiya.

Mafi haɗari su ne motoci masu giyar CVT, irin Nissan da yawa da sabbin Corolla, waɗanda ke aiki da bel na ƙarfe. Nasu man daban ne, kamar NS-2 da NS-3 na Nissan, kuma jan mai na gama-gari na iya kashe giyar. Ko giyar hannu tana da nata sharaɗi: GL-5 ya dace da difaransha, amma sinadaransa na iya cin tagullar da ke cikin wasu giyoyin da aka tsara don GL-4.

Ga mazaunin Tagriss, giyar otomatik da ta mutu na nufin janyo mota zuwa Maraɗi, ko aika saƙo kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano a nemo wata ta hannu, da makonni babu ko sisi. Wannan ma dalili ne da ya kamata ɗan ci-rani ya auna tun kafin ya sayi motar: wadda ta burge a titin Brussels ba lallai ta sami mai da makaniki a arewacin Dakoro ba.

Tambaya ta farko: na gaske ne?

Duk wannan bayani ya rataya ne a kan cewa abin da ke rubuce a galan shi ne a ciki. Masu jabu kan tara tsofaffin galan na sanannun kamfanoni, su cika su da uwar mai zalla wadda babu sinadari, ko tsohon mai da aka tace aka gyara masa launi. Ido da yatsa ba sa gane wannan. Kuma da yake ribar ta fi yawa a galan mai tsada, wanda aka rubuta wa sintetik ne ya fi jan hankalinsu. Man da ake aunawa da kwalba daga duro a bakin tasha kuwa, babu mai iya cewa ga lambarsa.

Abin da ke hannun mai mota shi ne ya saya a gidan mai ko wurin dillalin da aka sani, ya duba hatimin murfi da lambar haɗi, ya tsaya a buɗe a gabansa, sannan ya huda galan idan ya ƙare. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa shi ma alama ce, domin araha ba ta ado. Wanda ke aiko da kuɗin gyara daga waje zai iya neman hoton galan da na lambar kilomita a WhatsApp duk lokacin juye.

Sauran aikin na hukuma ne. Nijar na da hukumar kula da ma'auni da ingancin kaya, ANMC, da jami'an kwastan a Ɗan Issa. Ficewar ƙasar daga ECOWAS a Janairun 2025 ta ƙara ɗora mata nauyin sa wa kanta ƙa'ida da gwada abin da ke shigowa. Akwai kuma batun tsohon mai da ake zubarwa a ƙasa ko a shafa wa dabbobi a gyambo, alhali yana ɗauke da sinadarai masu haddasa cutar daji, a yankin da mutane da dabbobi ke shan rijiya ɗaya.

Muddin babu mai gwada galan a kan iyaka, direban Tagriss zai ci gaba da gane ingancin man da ya saya ne kawai ranar da injinsa ya tsaya a tsakiyar yashi.