Yaro Ba Ya Gwanancewa Shi Kaɗai

A shekarar 1976, a Wasannin Olamfik na Montreal ta Kanada, Nadia Comaneci, 'yar Romaniya mai shekara 14, ta sami maki 10 cif a wasan alkafura da lanƙwasa jiki. A makarantar garin Onesti ta koya, cikin tsararrakinta.

Wannan abin lura ne ga ma'aikacin da ke ganin sai ya ɗauko wa ɗansa malami na musamman sannan zai yi fice. Babu shakka malamin gida yana da ranarsa, domin shi ke gyara mummunar dira tun ba ta zama jiki ba. Amma ba ya koyar da jure kaye a bainar jama'a. Ɗan kokawar Gagarawa a dandali ya koyi wannan, bayan kaka, sa'o'insa suna yi masa ihu.

Kuma manomi nawa ne tsakanin Gumel da Maigatari zai iya biyan malami? Ya kamata hukumomin ilmi su tanadi fili mai yashi da malamin wasanni a kowace firamare, yara su riƙa motsa jiki tare da la'asar.