Mutanen Gida Waɗanda Gado Ba Ya Kai Gare Su

Ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako muna so mu yi magana a kan waɗansu mutane da ke zaune cikin gidajenmu, muna ci muna sha tare da su, amma ran da maigida ya cika ba su da ko ƙwandala a cikin tarikarsa.

Malamai sun bayyana cewa dalilan gado uku ne: nasaba, da aure ingantacce, da wala'i, watau dangantakar da ke tsakanin wanda ya 'yanta bawa da wanda aka 'yanta. Allah da kansa Ya yanka rabon magada a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, ba a bar wa alƙali ko maigida su ƙara ko su rage ba. Saboda haka ƙauna da daɗewar zama da yawan hidima ba sa mai da mutum magaji.

To, su wane ne waɗannan mutane? Akwai agola. Akwai ɗan riƙo ko 'yar riƙo, domin Suratul Ahzabi, aya ta 4 da ta 5, ta soke mai da ɗan wani ɗan kai, aka koma kiran Zaidu da sunan mahaifinsa Harisa. Akwai ɗan da aka shayar, wanda nono ya haramta aure tsakaninsa da 'ya'yan gida amma bai ba shi gado ba. Akwai matar da ba Musulma ba, da iyayen wanda ya musulunta su ba su musulunta ba, domin saɓanin addini yana hana gado. Akwai tsohon bara da ya ƙare ƙarfinsa a gonar maigida. Mafi ban tausayi kuwa su ne jikokin da ubansu ya riga kakansu rasuwa, domin muddin akwai ɗa namiji mai rai, shi yana katange 'ya'yan ɗan'uwansa.

Wannan matsala ta jikoki ta sa ƙasar Masar ta kafa doka a shekarar 1946, wadda ta wajabta a fitar musu da kwatankwacin rabon mahaifinsu da sunan wasiyya, muddin bai wuce sulusi ba. Littattafan Malikiyya da alƙalanmu suka saba hukunci da su, kamar Risala da Muhtasar da Tuhufa, ba su tilasta haka ba. Sun bar al'amarin a wuyan kaka tun yana da rai, kuma shari'a ta buɗe masa ƙofofi uku.

Ƙofa ta farko ita ce wasiyya. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya yarda da shi, ya yi ciwo mai tsanani a Makka, a lokacin yana da 'ya ɗaya tak. Ya nemi izinin bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi ya hana. Ya nemi rabi, ya hana. Sa'an nan ya yarje masa sulusi, ya kuma nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙo. Daga nan aka san iyaka. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga magaji, sai fa in sauran magada sun yarda. Wanda ba magaji ba kuwa ana yi masa, ko da ba Musulmi ba ne, domin an ruwaito cewa Nana Safiyya, matar Annabi, ta yi wasiyya ga wani ɗan'uwanta Bayahude.

A ƙaddara wani ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da marayun ɗansa na uku, kuma bayan an yi masa sutura an biya bashi, abin da ya rage naira miliyan 12 ne. In bai bar wasiyya ba, matar za ta ɗauki tumuni, miliyan 1 da rabi, 'ya'yan kowa miliyan 5 da dubu 250, marayu su tashi hannu rabbana. In kuwa ya yi wa marayun wasiyyar sulusi, za a ba su miliyan 4, matar ta sami miliyan 1, 'ya'yan kowa miliyan 3 da rabi. Babu wanda ya talauce, zumunci kuma ya tsira.

Ƙofa ta biyu ita ce kyauta. Mai lafiya yana da ikon bai wa agolarsa fili ko ya bai wa barансa gona. Amma a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin a mazhabar Imamu Malik kyauta ba ta cika sai da hauzi, watau wanda aka bai wa ya karɓi abin a hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Wanda ya ce da baki ya bai wa wane gona, amma ya ci gaba da nomanta har ya mutu, gonar ta koma cikin gado. Kyautar da aka yi cikin ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka, daga sulusi ake fitar da ita.

Ƙofa ta uku ita ce hubusi, wanda ake kira waƙafi, watau a tsare asalin abu ba a sayarwa ba a gadonsa, amfaninsa yana tafiya ga waɗanda aka ambata, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara. Mutum yana iya tsare shago ɗaya, kuɗin hayarsa ya riƙa ciyar da marayu. Shi ma hubusi sai da hauzi.

Muna jan hankalin masu karatu ga rubutu da shaidu. Hadisin Abdullahi ɗan Umar ya kwaɗaitar da mai abin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. A rubuta, a kira shaidu biyu adilai, domin takardar da aka tsinta a ƙarƙashin matashin kai ba tare da shaida ba takan zama tushen rigima a gaban alƙali. Kada mutum ya ji tsoron ya ɗaure kansa, yana da ikon sake wasiyyarsa ko soke ta muddin yana numfashi. Rubuta ta kuma ba ya kusanto da ajali, kamar yadda waɗansu suke camfawa.

Amma fa kada a mai da waɗannan ƙofofi hanyar cutar da magada, kamar mai rabar da gonakinsa don kawai 'ya'yansa mata ne. Aya ta 12 ta shardanta kada wasiyya ta zama cutarwa, Allah kuwa Ya san abin da ke cikin zukata.

Ku kuma magada, in mamaci ya yi sakaci, ku tuna aya ta 8 ta wannan sura ta yi umurni da a ba 'yan'uwa da marayu da miskinai wani abu in sun halarci rabo, a kuma gaya musu magana mai daɗi. Baligi mai hankali yana iya cire wani abu daga rabonsa, amma ba a taɓa rabon yaro ƙarami.

Mutuwa rigar kowa ce. Kowane maigida ya zauna ya ƙirga waɗanda ke cin tuwo a gidansa, ya tambayi malami wane ne magaji wane ne ba magaji ba, ya gyara tun alƙalami yana hannunsa. Allah Ya sa mu cika da imani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.