Wanda ya koma gaɓa ba matsoraci ba ne

Yara, ku buɗe taswirar Afirka. Ku ɗora yatsa a kan Maradi, ku bi gabas. Ku wuce Damagaram, ku wuce tabkin Cadi, ku ratsa ƙasar Cadi duka. Kun shiga Sudan ke nan. Ku ci gaba har ku iske wani kogi da ya gangaro daga duwatsun Habasha. Sunansa Shuɗin Nilu. Daga tabkin Tana ya fito, a Hartum ya haɗu da Farin Nilu.

A bakin wannan kogi akwai ƙauyukan Hausawa da yawa. Kakanninsu da ƙafa suka je can. Wasu hanyar Makka ce ta kai su, suka zauna. Wasu sun tafi bayan yaƙin Burmi na 1903, tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Garin da ya kafa kusa da Sinnar har yau Mai Wurno ake ce da shi. Gabas da nan akwai kogin Dindir da garin Dindir. Jikokin waɗannan mutane suna noma, da yawa kuma masunta ne.

Kogin Dindir ba ya gudu shekara duka. Da damina ya cika, da rani ya yanke, ya bar ƴan tabkuna cikin yashi. Shuɗin Nilu kuwa an datse shi a Sinnar a 1925, domin a shayar da gonakin audugar Jazira. An sake datse shi a Rusairis a 1966. A bayan kowace madatsa ruwa ya taru ya yi babban tabki. A nan masunta ke kama karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa. A nan ne kuma iska ke kifar da jirage.

Ga abin da nike so ku riƙe: masuncin da ya ga iska ta tashi ya juya jirginsa zuwa gaɓa, shi ne gwani. Wanda ya tsaya don kada a yi masa dariya bai san ruwa ba tukuna. A gabana aka yi, shi ya sa nike faɗa.

Ina yaro kamar ku, mahaifina ya kai ni ziyarar dangi a wani ƙauye na bakin tabkin Sinnar. Lokacin hunturu ne, tabki cike yake. Wata rana da asuba kawuna ya tafi da ni da babban ɗansa cikin kwalekwale, mu ɗauko tarun da suka shimfiɗa da marece. Ruwa kwance yake kamar madubi. Muka ɗaga taru biyu, muka samu kifi.

Da hantsi iska ta fara kaɗawa daga arewa. Kawu ya daina ja, ya tsura wa tsakiyar tabki ido. Can nesa ruwa ya soma yin fari-fari, kamar an watsa auduga.

Ya ce: «Ku zauna ƙasa. Za mu gida.»

Ɗansa ya ce: «Baba, ai saura taru ɗaya kaɗai.»

Kawu ya ce: «Ɗana, taru zai jira mu. Iska ce ba ta jira.»

Kusa da mu akwai wani kwalekwale da samari uku. Da suka ga mun juya sai suka bushe da dariya. Ɗaya ya ɗaga murya: «Tsoho ya ji tsoro!» Kunya ta kama ni. Kawu ko waiwaye bai yi ba. Ya ba ni ƙwarya ya ce in riƙa kwashe ruwan da ke shigowa.

Ba mu daɗe da kai gaɓa ba muka ji ihu. Tarun samarin ya maƙale a wani icce da ruwa ya shanye. Ɗayansu ya miƙe tsaye don ya fisgo shi. Jirgin ya juya, ya ba igiyar ruwa gefe. Igiya ɗaya ta cika shi, ta biyu ta kifar da shi. Biyu suka rungume jirgin. Na ukun taru ya naɗe masa ƙafa. Manya suka shiga babban jirgi mai inji, har da kawu. Sai da aka sa wuƙa aka yanke tarun kafin a jawo yaron. Ya sha ruwa ƙwarai, amma Allah ya yi da sauran kwanansa. Kifinsu ya tafi, filafilansu sun tafi. Tarun kuma bashi aka ci aka saye shi.

Washegari iska ta kwanta. Muka koma muka iske tarunmu inda muka bar shi.

Me kawu ya sani wanda samarin ba su sani ba?

Ya san tabki ba kogi ba ne. Ku gwada a gida. Ku zuba ruwa a kofi ku hura. Ku zuba a babban daro ku sake hurawa. A daro za ku ga ƙananan igiyoyi suna tafiya har su bugi ɗaya gefen. Haka iska take. Iyakar nisan da ta yi tana gudu a kan ruwa, iyakar girman igiyar da take tayarwa. A siririn kogi gaɓa da itatuwa na tare ta. A buɗaɗɗen tabki ba abin da ke tare ta. Shi ya sa za ka ga bakin ruwa shiru, alhali tsakiya ta rikice.

Ya san kuma ruwa na da nauyi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. In ruwa lita 100 ya shiga kwalekwale, kamar an ƙara buhun gero ne babba. Kuma wannan buhu ba ya zama wuri ɗaya. Jirgi ya karkata dama, ruwan ya gudu dama, ya ƙara karkatar da shi. Mutum in ya miƙe tsaye, nauyinsa ya koma sama, abin ya ƙara lalacewa.

Ya san iska iri biyu ce a ƙasarsu. Akwai ta hunturu, mai zuwa daga arewa, wadda ta same mu. Akwai kuma wadda Larabawan Sudan ke kira habub, mai zuwa tsakanin Mayu da Satumba, yawanci da rana ta karkata. Iska mai sanyi ce ke faɗowa daga cikin hadari, ta bazu a ƙasa da ƙarfi, ta ɗaga ƙura kamar bango. Kun san irinta, domin ita ce ke gabatar ruwan farkon damina a garuruwanmu. Kafin ta iso akan yi zafi, gari ya yi tsit, sa'an nan a hango jan bango a gindin sama. Duka biyun suna yin sallama kafin su shigo. Wanda ya iya karanta alamunsu yana da lokacin kai gaɓa.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce: «Mai ƙoshi ne ke maganar komawa gida. In ba a kama kifi ba, me iyali za su ci?» Wannan magana ce mai nauyi. Masunci da abin da ya kamo yau yake ciyar da gidansa yau. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya kai har Dindir a 2024, ya ƙara wa mutanen wurin wahala a kan wahala. Amma mu yi lissafi. Kawu ya rasa kifin taru ɗaya, na yini ɗaya. Samarin sun rasa kifi da taru da filafilai, ga bashi a wuya. In da yaron ya mutu, gidansu ya rasa mai nema har abada. Talaka shi ya fi kowa bukatar ya kula da jirginsa da ransa, domin ba ya da wasu.

Wasu za su ce: «Kowa da ranarsa.» Gaskiya ne. Amma mai wannan magana yana rufe rumbunsa kafin damina, yana ɗaure akuyarsa da dare. Don me sai a kan ruwa zai manta da hankalin da Allah ya ba shi?

Wasu kuma za su ce: «Ni na iya iyo.» Yaron da taru ya naɗe ya iya iyo fiye da ku duka. Iyo a kwantaccen ruwa daban, iyo cikin igiya da tufafi a jiki daban.

Ku kada ku ce wannan labarin mutanen Sudan ne kaɗai. Muna da tabkin Madarumfa, muna da na Tabalak, muna da kogin Kwara. Kuma sau da yawa yara ne ruwa ke ci. A watan Agusta na 2018, a arewacin Sudan, jirgin da ke kai ƴan makaranta ya nutse a kogin Nilu bayan injinsa ya mutu cikin ruwa mai ƙarfi. Yara 22 aƙalla suka rasu. A ƙarshen Nuwamba na 2021, a madatsar Watari ta Bagwai cikin jihar Kano, wani jirgi da aka cika fiye da ƙima ya kife. Mutum 29 aƙalla suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Ba iska ce ta kifar da waɗannan ba. Amma ku tambayi kanku: jirgin da lodi ya danne ko injinsa ya mutu, yaya zai yi in iska ta same shi?

Saboda haka ga abin da yaro zai iya yi. Kafin ka shiga jirgi, dubi sama, dubi tsakiyar ruwa. In ka ga fari-fari, ko hadari, ko jan bango na ƙura, tsaya a gaɓa. Dubi bakin jirgin. In ya kusa taɓa ruwa saboda lodi, jira wani. In ka shiga, zauna ƙasa a tsakiya, ka janye ƙafarka daga taru da igiya. In akwai rigar ceto, sa ta ka ɗaure. In babu, jarka wadda ba kome ciki, an rufe bakinta gam, tana iya riƙe kanka a saman ruwa. In jirgin katako ya kife, yawanci ba ya nutsewa nan take. Riƙe shi, ka yi ta kira. In wani ne ya faɗa, kada ka bi shi. Miƙa masa sanda, ko ka jefa masa igiya ko gora, ka kira manya.

Abin da ya fi wuya shi ne ka ce «ba ni shiga» a gaban abokanka. Za su yi dariya, kamar yadda aka yi wa kawu. Bari su yi. Manya kuma ya kamata su saurari yaron da ya ce yana tsoro, su daina tura shi cikin jirgi da tsawa. Inda akwai Sarkin Ruwa, in ya ce yau ba a fita, a bi maganarsa.

Da dare a ranar nan, saurayin da ya yi wa kawu dariya ya zo ƙofar gida ya durƙusa. Ya ce: «Baba, ka yafe mini.» Kawu ya ce: «Ba ka yi mini kome ba, ɗana. Gobe in iska ta kwanta ka zo, in nuna maka inda itatuwan suke a ƙarƙashin ruwa.»

Tambayoyi

1. Wace alama kawu ya gani a tsakiyar tabki?
2. Don me igiyar ruwa ta fi girma a tabki bisa ga siririn kogi?
3. Me ya kamata ka yi in abokinka ya faɗa ruwa?
4. An taɓa yi maka dariya don ka ƙi yin abu mai haɗari? Ba ƴan ajinku labari.