Ba a fafe gora ranar tafiya

A daren 10 ga Satumban 2017 ina zaune a falon wani abokina a Atlanta, na ƙura wa talabijin ido ina kallon mahaukaciyar guguwar da aka raɗa wa suna Irma tana kutsawa cikin jihar Fulorida, inda na baro littattafaina da rabin kundin digirina na uku. Shekara bakwai cif bayan haka, a 10 ga Satumban 2024, mutanen Maiduguri suka wayi gari ruwan madatsar Alau ya shiga Gwange da Fori da Kasuwar Monde, har da fadar Shehu. Tun daga lokacin nake son in rubuta abin da na koya a waccan tafiya, domin na koye shi ne ta hanyar kuskure.

A birnin Tampa muke a lokacin, ni da mai ɗakina da yaranmu biyu. Mun sha Babbar Sallah ranar Juma'a 1 ga wata. Ranar Litinin gwamnan jihar, Rick Scott, ya ayyana dokar ta-ɓaci, alhali guguwar tana can tsakiyar teku. Na ji sanarwar na ci gaba da harkokina, don hasashen farko ya nuna ta Miami za ta bi, mu kuwa muna gaɓar yamma. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta tare ni a bakin ƙofa ta tambaye ni ko na cika tankin mota. Na ce mata sai jibi. Ta dube ni irin kallon da uwa ke yi wa yaron da ya ce zai yi karatu daren jarrabawa.

Ranar Alhamis na shiga kanti na tarar da wajen ruwan sha wayam. Babu burodi, babu batir. Gidajen mai da dama sun ɗaura leda a kan famfunansu, alamar ya ƙare, ga dogon layi a sauran, abin da ban taɓa zaton zan gani a Amurka ba. Kafin Asabar hasashe ya juya, guguwa ta fuskanto yamma, wato mu. Fiye da mutum miliyan 6 aka umarta su bar gidajensu a faɗin jihar. Tafiyar da kan ɗauki kimanin awa bakwai zuwa Atlanta ta cinye mana wuni da rabin dare a kan babbar hanyar I-75, duk da hukuma ta yarje wa motoci su bi ta kafaɗar titi. Abin dariya, Irma ta biyo mu har can: a karon farko a tarihinta aka sa Atlanta ƙarƙashin gargaɗin irin wannan guguwa.

Dattijuwar nan ba ta je kanti ba ko sau ɗaya a makon. A can an san lokacin guguwa, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, don haka tun watan Mayu take cika akwatinta. Ita ta ba mu tocila da ƙaramar rediyo mai batir. Lissafin da hukumar agajin gaggawa ta ƙasar ke bayarwa shi ne galan ɗaya na ruwa, wato kusan lita huɗu, ga kowane mutum a kowace rana, na aƙalla kwana uku. Gida mai mutum huɗu ke nan yana buƙatar lita 45 zuwa 50, jarka biyu. A ma'aunin namu, buhun fiya-wata biyar. Sai abincin da ba ya neman wuta, da magungunan masu hawan jini da ciwon suga, da tsabar kuɗi, domin idan wuta ta ɗauke katin banki ya zama roba kawai. Bayan Irma kusan kashi biyu cikin uku na jihar sun zauna a duhu, wasu na tsawon mako. Akwai waɗanda suka tsira daga iskar, hayaƙin janareton da suka kunna a cikin gida ya kashe su. A wani gidan kula da tsofaffi kuma zafi ne ya yi ajalin mutane bayan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya.

Wajen sadarwa ne na fi jin kunya. A wani gidan mai da ke kan iyakar Jojiya wayata ta mutu, kuma a nan na gane cewa ban haddace lambar kowa ba, har ta abokin da za mu sauka a gidansa. Da a ce mun rabu da iyalina a cikin turmutsutsun nan, ɗana ɗan shekara shida ba shi da abin da zai nuna wa ɗan sanda. Shawarar da ake ba mutanen can mai sauƙi ce: a rubuta lambobi a takarda a sa a aljihun kowa, a zaɓi ɗan'uwa guda da ke wani gari mai nisa, kowa ya riƙa sanar da shi inda yake, shi kuma ya haɗa labari, a yi amfani da gajeren saƙo maimakon kira, saboda idan layi ya cushe saƙo kan samu kafar wucewa. Rediyo kuwa ba ruwanta da data.

Na san abin da mai karatu zai ce. Wanda ke neman na tuwon dare, wane irin tanadi zai yi? Tambaya ce mai nauyi, kuma Amurkawa ma sun sha ɗacinta. Lokacin da guguwar Katrina ta afka wa New Orleans a Agustan 2005, an ce kowa ya fita, amma kusan gida ɗaya cikin huɗu ba su da mota. Su ne duniya ta gani cunkushe a filin wasa na Superdome. Umarnin ƙaura da ba a haɗa shi da mota da masauki ba ihu ne bayan hari, kuma wannan nauyin gwamnati ne, ba na magidanci ba. A Fulorida kowace unguwar da ke bakin ruwa tana da harafinta, A ko B ko C, ana kiran harafinku kun san ku ake nufi, kun kuma san makarantar da za ku nufa. Mu a nan hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara, NiMet tana fitar da na damina, amma ka tambayi mai unguwa ina jama'arsa za su dosa idan ruwa ya zo da tsakar dare, ka ga yadda zai yi shiru.

Duk da haka, yawancin abin da ya fi amfani ba ya cin kuɗi. Takardar shaidar gida da ta makaranta da katin ɗan ƙasa, a naɗe su a leda biyu, a ɗauki hotonsu a aika wa wani ɗan'uwa. Na ga ɗalibai daga Borno da ruwa ya cinye musu takardun sakandare, suna yawo daga ofis zuwa ofis wata da watanni. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino sun fi duk abincin gwangwanin da na gani a can dacewa da irin wannan rana. Sai a zauna da iyali a yanke magana: wa zai goyi jariri, wa zai kama hannun tsohuwa, a wane tudu za a haɗu idan an watse. Mutumin Tampa yana samun gargaɗin kwana biyar. Mutumin Gwange bai samu haka ba, haka na Mokwa da ruwa ya auka wa da asuba a watan Mayun 2025. Wanda ke da minti goma ya fi wanda ke da kwana biyar buƙatar jakar da aka riga aka ɗaure.

Tawa jakar tana bayan ƙofar ɗakina, kuma nakan buɗe ta duk farkon damina. Da na duba bana, batiran rediyon sun zubar da ruwa, lambar ƙanena da ke jikin takardar tsohuwa ce da ya daina amfani da ita, dabinon kuwa autana ya daɗe da gano inda yake.