Nijar Ta Fita Daga Ƙungiya: Ina Makomar Ciniki Da Zumunta?

Ran 29 ga watan Janairu 2025 ƙasashe uku, watau Nijar da Mali da Burkina Faso, suka cika fitarsu daga ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda mu ke kira ECOWAS, maƙwabtanmu masu jin Faransanci kuwa su ce CEDEAO. Tun ran 28 ga Janairu 2024 suka yi shelar niyyarsu, dokar ƙungiyar kuwa ta ce wanda zai fita sai ya ba da sanarwar shekara guda. Shekara ta cika, ba wanda ya janye, ƙungiya mai ƙasashe 15 ta koma 12. Waɗanda suka fita ɗin nan su ke da fiye da rabin faɗin ƙasar ƙungiyar, da mutane wajen miliyan 70. Mun ga ya kamata mu tattauna wannan al'amari da masu karatunmu, tun ba malaman makaranta da akawuna ba, domin su ne jama'a kan tarar da tambaya in an ji labari a rediyo ba a gane kansa ba.

A Ikko aka kafa ƙungiyar, ran 28 ga Mayu 1975, bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Janar Eyadema na Togo. Abin da ya fi taɓa talaka cikin ayyukanta shi ne yarjejeniyar 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ikon shiga sauran ƙasashen ba biza, ya zauna har kwana 90. Aka kuma shirya cewa amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu su ƙetare iyaka ba kuɗin fito. Daga 2015 aka daidaita kuɗin kwastan da kowace ƙasa za ta karɓa a kan kayan da suka zo daga waje. Ba mu ce an bi waɗannan dokoki sau da ƙafa ba. Duk direban da ya taɓa ɗaukar albasa daga Galmi zuwa Kumasi ya san yawan shingayen da ke hanya, ya san kuma abin da a kan miƙa a kowane shinge. Amma doka tana nan a rubuce, wanda aka zalunta yana da abin da zai nuna.

A gare mu mutanen Arewa maganar ta fi ta takarda. Iyakarmu da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, ta bi ta jihohi bakwai, daga Kabi har Barno. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja ta tsakanin 1898 da 1906, suka raba Gobir biyu, suka raba Katsina biyu. Har wa yau sarautar Maraɗi Sarkin Katsina a ke ce da ita, ta Tsibiri kuwa Sarkin Gobir. Mutumin Illela yana da suruki a Birnin Ƙwanni, na Jibiya yana da gona a hanyar Maraɗi, shanun da ke cika kasuwar Maigatari ran Alhamis da yawansu daga ƙasar Damagaram su ke gangarowa. Daga can a ke kawo mana dabbobi da wake da albasa da aya da barkono, daga nan a ke kai masara da gero da siminti da kayan masaƙu. Wannan ciniki ya girmi ECOWAS, ya girmi iyakar kanta. Saboda haka waɗansu ke cewa fitar ba za ta canja kome ba. Mu ba mu yarda da wannan ba, za mu kuwa faɗi dalili, amma sai mun fara da yadda aka yi aka zo nan.

Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka tuɓe Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tchiani ya hau. Bayan kwana huɗu shugabannin ƙungiyar suka taru a Abuja, suka rufe iyakoki, suka tsai da ciniki, suka ba sojojin mako guda su mai da mulki ko a zo musu da yaƙi. Nijeriya ta yanke wutar lantarki, alhali kuwa wajen kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga nan ta ke zuwa. Mu ba masu goyon bayan juyin mulki ba ne. Mun ɗanɗani mulkin soja a wannan ƙasa shekara da shekaru, mun san abin da ke cikinsa. Amma lalle wanda ya ba da shawarar wannan takunkumi bai san iyaka ba. Janar ba ya kwana cikin duhu, asibiti ne ke kwana cikin duhu. Shinkafa ta yi tsada a Yamai, magani ya yi wuya, manyan motoci suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela har kaya suka ruɓe a kansu, 'yan dako da masu abincin tasha na wannan gefen namu suka rasa na sawa a baka. Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da yaƙi, Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi da ayarin malamai suka yi ta kai da kawowa, Allah ya kiyaye ba a harba bindiga ba. Sai dai kafin a ɗage takunkumin ran 24 ga Fabrairu 2024, aikin gama ya gama. Sojojin sun sami abin da kowane mai mulki ke so, watau maƙiyi na waje da zai nuna wa jama'arsa.

Ya kamata kuma mu tuna cewa ba ranar aka fara ba. A 1983 gwamnatin Nijeriya ta kori baƙi 'yan Afirka ta Yamma fiye da miliyan guda, shekara huɗu kacal bayan yarjejeniyar 1979. A 1984 aka rufe iyaka daidai lokacin da fari ya ci Nijar, har mutanen can suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El Buhari. A watan Agusta 2019 aka sake rufewa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Babban wa da ya saba kulle ƙofa duk sa'ad da ya ga dama, kada ya yi mamaki ran da ƙane ya ce ya bar gidan.

To, amma fushi ba ya kawo teku kusa. Ƙasashen nan uku ba wadda ke da gaɓar ruwa. Kafin 2023 mafi yawan kayan Nijar ta tashar Kwatano su ke sauka, a ɗauko su fiye da kilomita 1,000 zuwa Yamai ta gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya. Ko da Binin ta buɗe nata gefen a 2024, hukumar Yamai ta bar nata a rufe, tana zargin Binin da ɓoye sojojin Faransa. Sai aka koma tashar Lome, a bi ta Burkina Faso, inda motoci kan jira makonni kafin su sami rakiyar soja su ratsa dajin 'yan bindiga. Kowace rana ta jira kuɗi ce, mai sayen sukari da man girki shi ke biya. Mutanen bakin kogi kuwa suka koma kwalekwale. Ga kuma abin da ya kamata malami ya gane kafin ya yi wa ɗalibai bayani: sa'ad da suka fita daga ECOWAS ba su fita daga ƙungiyar masu kuɗin sefa ba. Saboda haka cinikinsu da Togo da Sanagal da Kwaddibuwa yana da wata doka da ta riƙe shi. Ƙasashen da fitar ta bari a sarari su ne waɗanda ba su cikin sefa, manyansu kuwa Nijeriya da Gana. Watau dai mu.

Ba su ne farkon masu fita daga irin wannan ƙungiya ba. Muritaniya ta bar ECOWAS a 2000, a 2017 ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da ita. Mali ta yar da sefa a 1962 zamanin Modibo Keita, ta buga kuɗinta, a 1967 tilas ta rage darajarsu da rabi, a 1984 ta koma inda ta fito. Amma labarin da ya fi amfani gare mu shi ne na Ingila. A 2016 kashi 52 cikin 100 na masu ƙuri'a suka zaɓi barin Tarayyar Turai, aka fita ran 31 ga Janairu 2020, sa'an nan aka ƙulla yarjejeniyar ciniki mai shafi fiye da dubu. Ba a sa kuɗin fito ba, amma takardun kwastan da binciken nama da madara da kifi suka isa su gajiyar da ƙananan 'yan kasuwa. Wurin da ya fi ba su wahala shi ne tsibirin Ailan, inda iyaka ta ratsa mutane ɗaya kamar tamu. Abin da ya ceci zirga-zirgar mutane a can shi ne wani tsohon shiri tsakanin ƙasashen biyu kaɗai, wanda ya faro tun 1923, suka kuma sabunta shi a rubuce a 2019 tun kafin ranar fita ta zo. Da ya ke ba Tarayyar Turai ce ta ba da shi ba, fita ba ta tafi da shi ba.

Mu fa, me mu ke da shi? A ranar fitar ƙungiyar ta ba da sanarwa cewa, har zuwa wani lokaci, a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na mutanen ƙasashen uku, a bar su su shiga ba biza, a bar kayansu bisa tsohon shiri. Su ma a Disamba 2024 sun ce ƙofarsu a buɗe ta ke ga 'yan ECOWAS, sai wanda suka ga dama su hana. Mun yaba wa kowane gefe. Amma masu aikin ofis sun san bambancin doka da alfarma. Abin da sanarwa ta bayar, sanarwa tana iya karɓewa da safe ɗaya. An kuwa ga alamu. A Oktoba 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso. A Maris 2025 ƙasashen uku suka sa harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da ke shigo musu, domin riƙe sabuwar tarayyarsu ta Sahel. A Mayu 2025, gab da Babbar Salla, aka hana fitar da dabbobi daga Nijar, masu neman ragon layya a nan suka ji a jikinsu, makiyayin can kuma ya rasa mai saye da daraja. Kowace gwamnati tana da ikon tsare abincin mutanenta, ba mu musa ba. Abin da mu ke nunawa shi ne yanzu ba majalisar da za a kai ƙara. In kuwa hanyar gaskiya ta ƙuntata, ba ciniki ne ke mutuwa ba, komawa ya ke yi hanyar daji, kuɗin da za su shiga baitulmali su shiga aljihun mai shinge.

Ta wajen siyasa asarar da ta fi ba mu tsoro ita ce ta tsaro. Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disamba 2023, na Amurka a 2024, Rasha ta matso. Wannan zaɓin mutanen Nijar ne. Amma a Nuwamba 2024 hedkwatar tsaron Nijeriya da kanta ta ce 'yan bindigar da a ke kira Lakurawa sun sami kafar shiga Sakkwato da Kabi ne bayan sintirin haɗin gwiwa ya tsaya. A Disamba Janar Tchiani ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa, gwamnati ta ƙaryata. A Maris 2025 Nijar ta ce ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Cadi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai kuma wata asara da ba a cika faɗa ba, ita kuwa ta talakan Nijar ce. A 2008 wata mace daga yankin Birnin Ƙwanni, wadda aka sayar baiwa tun tana yarinya, ta kai gwamnatin ƙasarta ƙara gaban kotun ECOWAS, ta yi nasara, aka hukunta a biya ta sefa miliyan 10. Wannan ƙofa ta rufe ga 'yan'uwanta.

Mu a ganinmu ɓata lokaci ne a zauna jiran ran da za su dawo. Ko za su dawo, ba da roƙo ba ne, ba kuma da gori ba. Abin da ke hannun Abuja da Yamai shi ne hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, wadda aka kafa tun 1971, tun ba a haifi ECOWAS ba, ofishinta kuwa a Yamai ya ke. Ziyarar da Ministan Harkokin Waje Yusuf Tuggar ya kai can a Afrilu 2025 ta nuna ana iya zama a tebur guda. To, a zauna a rubuta yarjejeniya ta ƙasa da ƙasa: mutum ya wuce da katin shaidarsa, hatsi da dabbobi su wuce ba fito, wanda zai hana fitar da wani kaya ya ba da sanarwa tun da wuri, kada kuma a sake mai da wutar lantarki ko magani makamin faɗan siyasa. A sa gwamnonin jihohin iyaka da sarakuna da shugabannin kasuwa a cikin shawarar, gama su suka san hanyoyin. Ga kuma hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinta a 2021, an zuba mata dukiya mai yawa, ba ta kuwa da amfani in ba a san dokar da kaya za su ƙetare da ita ba.

Akwai aikin da ya rage namu. A garuruwan iyaka mutane da yawa ba su da takardar haihuwa ko katin shaida, domin da can ba mai tambaya, sanin fuska ya isa. In aka tsananta bincike, su ne za a fara tsarewa, a kira su baƙi a ƙasar kakanninsu. Muna roƙon akawunan ƙananan hukumomi su sauƙaƙa wa mutane samun waɗannan takardu, kada su mai da su abin ciniki. Shugabannin makarantu kuma su duba rajistarsu, duk yaron da ba shi da takardar haihuwa a kira mahaifinsa a nuna masa ofishin da zai je tun kafin ƙarshen zangon karatu.